Hannun Hagu na Rigar Malama

Riga ta uku ke nan da Malama ta aiko a buɗe mata hammata, kuma duk ukun hannun hagu ne.

Tela ta ɗaga rigar a hasken taga. Hannun dama lafiya lau, ko zare ɗaya bai motsa ba. Na hagu kuwa ɗinkin ya ja har zaren ya fito fili. Ta juya ta ciki, ta ga ɗan ƙyallen da ta bari na ƙari ya kusa ƙarewa. Ta ninke ta ta ajiye a gefen keke, ba ta ce komai ba. Da ma ita ba mai cewa ba ce. Mutane sun ɗauka allurar da ke bakinta kullum ce ke hana ta magana, amma ko ba allura haka take.

Shagonta ɗakin bakin ƙofa ne, inda a da mijinta, direban bas, yake tara tsofaffin tayoyi. Har yau in rana ta yi zafi ɗakin yakan tuna, ya yi ta warin roba. Akwai keken ɗinki mai feda da ta gada wajen ƙanwar uwarta, wadda ta koya mata aikin da duka kaɗan da shiru mai yawa. Akwai benci, da dutsen guga, da labule da ya kare kusurwa ɗaya don masu gwada kaya. Madubin ya fashe ta sama tun shekarar da ta haifi autarta, don haka mace tana ganin kanta daga gwiwa zuwa wuya. Tela ta ce ai nan ɗinki yake, fuska ba aikinta ba ne.

Ta iya riga, ta iya siket, amma hijabi ne abincinta. Takan ce shi ne aiki mafi kwanciyar hankali a duniya, ba wadda ta taɓa dawowa ta ce ya matse ta. Da hijabi ta yi wa 'ya'yanta huɗu makaranta, da shi ta aurar da ta fari.

Malama kuwa yayar mijinta ce. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta je neman masa aure, kuma tun ranar da Tela ta shigo gidan take kiranta Amarya. Yanzu Tela tana da jika, sunan bai canza ba. Duk Asabar da yamma Malama tana karantar da matan aure a wani ajin firamare da ake ara musu. Bencinan yara ne, ba sa ɗaukar manya, sai a jingine su a bango a shimfiɗa tabarmi. Tela tana zama a sahun baya kusa da ƙofa. A makaranta tana ce mata Malama, a gida Yaya, kuma a ko'ina ba ta kallon idonta.

Maganar ta samo asali ne ranar da Sista, nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa, ta shigo shagon ta zauna a benci ta cire takalmi ɗaya.

"Tela, nono nake so ki ɗinka min."

Tela ta zare allurar daga bakinta.

"Na wa?"

"Na kowa. Guda biyu."

"Wane awo?"

"Matsakaici. Ki cusa soson katifa. Ɗaya ki saka masa wani abu mai tauri a ciki, kamar ƙwayar wake, ɗayan ki bar shi haka. Koyarwa zan yi da su."

Tela ta yi aikin da ƙofa a rufe. Ta sami ruwan ƙasan yadi, ta yanka, ta cusa, ta ɗinke. Abu mai tauri kuwa ta samo shi daga carbin mijinta da ya tsinke a madubin bas. Da ta gama ta dube su a kan tebur, ta ga sun yi kyau fiye da yadda take so, sai ta rufa musu ɗankwali.

Ranar Asabar Sista ta zo aji. Malama ta gabatar da ita, ta ce jiki amana ne, neman magani kuma ba ya cikin rashin tawakkali, wadda ta ga za ta yi dariya ta fita ta yi ta dawo. Ba wadda ta fita. Sista ta yi bayanin sankarar mama da ta bakin mahaifa. Ta ce in an gano da wuri ana samun sa'a sosai. Ta ce wadda ta ga jini ba lokacinsa ba kada ta zauna tana lissafin ko za ta yi salla ko ba za ta yi ba kawai, ta zo a duba ta, kuma mata ne ke dubawa. Sannan ta zagaya da aikin Tela hannu zuwa hannu, kowa ta lalubo ƙwayar. Kowa ta same ta.

Wata ɗaliba da ake kira Uwar Biyu ta ɗaga hannu.

"Sista, wadda ta shayar da tara fa? Me ya rage da za a duba?"

"Ke naki sai an ɗaga an leƙa," in ji Mai Ƙanƙara daga bayanta.

"Gara ni akwai abin ɗagawa."

Malama ta buga sandarta a ƙasa, aka yi tsit.

Tagogin ajin suna kallon garejin makanikai, kuma ba labule. Don haka Sista ta nuna yadda ake yi a kan hijabinta: hannu ɗaya a bayan kai, yatsu uku na ɗaya hannun suna zagayawa har cikin hammata. Ta faɗa sarai, kowa ta ji, cewa a gida za a yi, wajen wanka, ba kaya a jiki, wata-wata.

Da ta tafi Malama ta dubi ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya.

"Na san ku. Wadda aka ba ta aya biyu ta maimaita a gida ta dawo ta ce wuta ce ta hana ta, ita ce za ta tuna da wannan? A nan za mu riƙa yi, cikin jam'i, ina kallo."

Haka aka yi. Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan addu'ar tashi, sai a miƙe a daidaita sahu. Malama a gaba. A fara da dama, kamar alwala. Mata cike da aji, kowace da hijabi har ƙasa, hannu a bayan kai, ana zagaya yatsu a kan yadi. Makanikai sun ɗauka wata sabuwar addu'a ce, har suna rage sautin rediyo.

"Akwai wadda ta ji wani abu?"

"Babu, Malama."

"Alhamdu lillahi. Hagu."

Ba a taɓa fashi ba. Wadda ta makara sai ta rama a bayan aji. Da yake an yi a makaranta, ba wadda ta ga dalilin sake yi a gida, kamar yadda ba a sake sallar da aka bi liman. Labari ya kai wa Sista cewa matan Malama suna dubawa duk wata, ta ji daɗi har ta riƙa ba da misali da su a wasu unguwanni. Daga baya Asabar ta zama ranar rigakafin yara a asibitinsu, ba ta sami dawowa ta gani da idonta ba. Tela ma tana yi a sahunta na baya, da zuciya ɗaya, tana amsa "babu" tare da kowa.

Aka ci damina, aka shiga wata daminar. Aikin Tela yana cikin jaka a kabad ɗin ajin, sai ɓera ya same shi ya ci gefen mai ƙwayar. Aka dawo mata da shi gyara, a makon da riga ta uku ta zo.

Ta ajiye shi a tebur, ta ci gaba da yankan hijabai, yadi yana taruwa a kansa. Can ta tuna da shi, ta ɗora hannu a kan tarin tana lalube. Ta ji tudunsa. Sai hannunta, da ya saba, ya fara zagayawa da yatsu uku. Ta zagaya, ta sake. Ba ƙwaya.

Ta ɗauka ɓeran ya tafi da ita. Ta yaye yadin ta danna, ga ta nan daram inda ta saka ta.

Tela ta daina taka keke. Ta ɗauko ƙyallen shafi ta ɗora, ta ɗora yadin riga, ta ɗora na hijabi mai kauri irin wanda duk 'yan ajin suke saye a wajenta saboda ba ya nuna jiki. Ta danna. Ita ta saka ƙwayar da hannunta, ta san inda take, amma ba ta ji ta ba.

Ta rufe ƙofar shago da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba sai da rasuwa. Ta shiga bayan labule ta cire kaya ta yi yadda Sista ta ce tun farko. Ba ta ji komai ba. Ta mai da kayanta, ta fito, idonta ya sauka a kan rigar Malama da ke gefen keke.

Washegari da safe ta sami mijinta a ƙofar gida yana wanke bas.

"Maigida, Yaya ba ta ce maka wani abu na damunta ba?"

"Kamar me?"

"Hammatarta ta hagu. Ina jin ta kumbura."

Ya tsaya da soso a hannu, ruwa yana bin gwiwar hannunsa.

"To?"

"Ko za ka tambaye ta."

"Ni? Ni in tambayi Yaya hammatarta? Matar da ta yi min wanka har na shiga aji uku?"

"Ai shi ya sa."

"Shi ya sa ba zan iya ba. Ku mata ne, kuna da hanyoyinku."

Ya koma kan gilashi yana gogewa inda ya riga ya goge. Da zai tayar da mota ya leƙo ya ce in ana bukatar kai wani wani wuri, a faɗa masa, zai ajiye lodi.

Tela ba ta da wata hanya. Tunda take ba ta taɓa auna Malama ba. Malama takan aiko da tsohuwar riga a kwaikwaya, ta ce jikinta ba allo ba ne da za a yi ta zane a kai. Tela ba ta taɓa ganin ko gashin kan Malama ba sai ranar da Malamar ta yi zazzaɓi. Ta yi tunanin zuwa wajen Sista ta faɗa mata, sai ta ga in Malama ta ji an kai maganar jikinta waje kafin a kawo mata, to ko da motar asibiti aka zo ba za ta shiga ba. Saboda haka ta yi abin da ta iya. Ta ƙi ɗinka rigar.

Malama ta aiko, aka ce ba a gama ba. Ta sake aikowa. Ranar Laraba da hantsi ta zo da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta.

"Amarya, lafiya? Hammata ɗaya ce fa, ba lefe ba."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga wuri."

Malama ta zauna. Tela ta lura da yadda ta ɗan ware hannun hagu daga jikinta, kamar mai riƙe da ƙwai a hammata. Ta kawo ruwa. Ta tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya har da kaji. Da mutanen gida suka ƙare, ta tura wa Malama tarin yadin da ke tebur.

"Yaya, abin koyarwar nan ne na gyara. Ko za ki duba min ƙwayar tana nan."

"A ƙarƙashin wannan tsummokaran?"

"Shafi ne da riga da hijabi. Kamar yadda muke a aji."

Malama ta harare ta, amma ta ɗora yatsu uku. Ta iya, ba wadda ta kai ta iyawa. Ta zagaya a hankali daga waje zuwa ciki.

"Wannan marar ƙwayar ne."

Tela ta yaye yadin. Malama ta danna sau ɗaya ta janye hannu.

Wata mota ta wuce a titi. Dutsen guga yana ta ƙara shi kaɗai yana hucewa. Tela tana kallon fedar keke, bakinta ba allura, ba abin fakewa.

"Yaya, rigunan nan duk hannun hagu ne."

"Ƙiba ce."

"Ƙiba ba ta zaɓen hannu ɗaya, Yaya."

"Yaushe kika zama likita?"

"Ban zama ba."

"To."

"Ga labule can. Zan rufe ƙofa, in juya baya."

Tun zuwanta gidan ba ta taɓa jera wa Malama magana uku ba tare da "to" a ciki ba. Ta tashi ta rufe ƙofar, ta zauna tana fuskantar bango. Sannan ta ji sanda ta jingina da benci, ta ji zoben labule sun ja.

Ta ƙirga ramukan ƙusa a bango, ta bari. Ta karanta abin da ta haddace, ya ƙare da wuri, don ba ta haddace da yawa ba.

Da Malama ta fito hijabinta a daidai yake, kamar ba a taɓa shi ba. Ta zauna ta shanye ruwan da ta ƙi sha ɗazu.

"Akwai," ta ce. "A nonon, da kuma hammatar."

"Yana ciwo?"

"Da yana ciwo ai da na sani." Ta juya kofin a hannunta. "Na daɗe ina jin nauyi a wajen. Amma duk wata ina dubawa a gabanku ban ji komai ba, sai na ce to shi ke nan, an duba."

Tela ta karɓi kofin ta ajiye a tebur.

"Mata nawa ne a ajin nan, Amarya?"

"Da yawa, Yaya."

"Duk ni na ja su." Ta girgiza kai. "Wannan ba ƙabli, ba ba'adi. Sai dai a sake daga farko. Ranar Asabar zan gaya musu."

"Gobe za mu je wajen Sista."

"Na ce Asabar zan fara..."

"Asabar ɗin tana nan, Yaya. Gobe Alhamis."

Malama ta dube ta sosai, irin kallon da take yi wa wadda ta karanta daidai ba zato.

"Mace ce za ta duba?"

"Mace."

"Kada ki gaya wa yaron nan. Kuka zai yi."

Yaron nan, mai furfura a gemu, shi ya kai su da sassafe a bas ɗin da ba kowa sai su biyu. Bai tambayi komai ba. Ya yi ta ba da labarin tsadar taya har suka isa.

Sista ta shiga da Malama ɗaki ta rufe. Tela ta zauna a bencin jira tsakanin mata masu ciki, riƙe da sandar Malama da takalmanta. Da suka fito Sista ta ce ba duk ƙullutu ne sankara ba, amma wannan ba na zama ba ne, za ta tura su babban asibiti a ɗauki hoto a ɗebi ɗan nama a gwada, kuma Litinin take so su je, ba wata Litinin ba. Malama ta ce to. Sannan da bakinta ta ba Sista labarin sahun da ake yi duk wata, ba ta rage komai ba.

Sista ta zauna a kan tebur.

"A kan hijabi?"

"A kan hijabi."

"Duka ajin?"

"Ba a taɓa fashi ba," in ji Malama, da ɗan sauran alfahari.

Sista ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suna rawa, ba a san ko dariya ba ce ko wani abu. Da ta buɗe ta ce Asabar za ta nemi wadda za ta riƙe mata rigakafi, ta zo da abokiyar aikinta, a duba kowa ɗaya-ɗaya. Sai dai ana bukatar labule a tagogin nan da kusurwa ɗaya.

Duk suka juya suka dubi Tela.

"To," in ji Tela.

"Ke kuma tunda kin kawo kanki," in ji Sista, "yaushe rabon da a duba miki bakin mahaifa?"

"Ni rakiya na yo."

"Ba a taɓa ba ke nan. Shiga."

Tela ta dubi Malama ko za ta cece ta. Malama ta karɓi sandarta da takalmanta.

"Shiga, Amarya. Ina nan."

Ta shiga. Abin bai daɗe ba, kuma bai kai yadda Uwar Biyu take ba da labari ba. Aka ce nata ba a ga komai ba, ta dawo in lokacin ya zagayo.

A hanyar komawa Malama ta zauna a kujerar gaba, hannun hagu a kan cinya. Ta gaya wa ƙaninta zai ajiye lodi ranar Litinin. Ya ce to, Yaya, idonsa a kan titi. Ya tsaya a danja tun ba ta nuna ja ba, na baya suna ta hon.

Suka sauke Malama a ƙofar gidanta. Tela ta ce a ajiye ta a bakin kasuwa, ta sayi yadin labule mai kauri, ta taka zuwa gida. Tana shiga ta ga hadari ya haɗo ta gabas. Ta ajiye yadin, ta kwashe shanya, har da ta maƙwabta da ta tarar a igiyarta, ta zauna tana ware safar wani daga ta wani.